Wanda Aka Tuhuma Da Mai Kare Shi: Nasiha Ga Mutanen Issawane Da Kewaye

Daga cikin musibun da ke afka wa gidan talaka a karkara, in an ɗebe mutuwa, da wuya a sami wadda ke gigita mutane kamar a wayi gari a ce jandarmomi sun zo sun tafi da wane, domin ita yunwa an san lokacinta, an kuma gaji dabarun jure mata tun kaka da kakanni, amma hukuma da takardunta da harshen da take shari'a da shi har yau baƙi ne ga mafi yawan mutanen ƙauye. Ƙaramar hukumar Issawane, wadda ke cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, kusa da ƙasar Tasawa, wuri ne na gero da wake da kiwon bisashe, kuma abubuwan da ke kai mutanenta gaban hukuma ba su cika wuce waɗanda irin wannan zama ke haifarwa ba: faɗa a kan iyakar gona har a zub da jini, ɓarnar da dabbobi suka yi kafin a kwashe amfani, satar akuya ko sa, bashin da ya rikiɗe ya koma zargin cin amana, ko kuwa mutum ya sayi babur da araha ranar kasuwa, bayan wata biyu a ce na sata ne.

Idan haka ta auku, abin da dangi suka saba yi sananne ne. Wani ya ruga wurin mai gari, wani ya nemi wanda ya san wani a Mayahi, mata su shiga koke-koke, kafin la'asar an fara shawarar wace dabba za a kai kasuwa. Lauya kuwa, in ma an tuna da shi, sai bayan an yi watanni mutum yana gidan kaso, dukiya ta ƙare, dabara ta ƙare. Alhali kuwa wanda duk ya lura da yadda shari'ar laifi take tafiya a Nijar ya san cewa galibin al'amarin ana ƙulla shi ne a kwanakin farko, tun mutum bai ga fuskar alƙali ba, kuma abin da aka ƙulla a lokacin nan warware shi yana da wuya ƙwarai.

Ya kamata a fara sanin iyakar ikon sarakuna, don a nan ne ruɗu na farko yake. Dokar da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya, wadda aka sabunta a 2015, ta ba mai gari da sarkin kanto ikon sulhunta mutane a kan al'amuran al'ada da gona da bashi da makamantansu, su rubuta takardar sulhu, kuma ba ƙaramar maslaha wannan iko yake jawowa ba, gama rigimar manomi da makiyayi da aka kashe a zauren mai gari ta tsare jinin da ba a san adadinsa ba. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda cikin watan Oktoba na 1991 ba, inda aka hallaka mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Amma da zarar magana ta zama ta rauni ko sata ko kisa, ta fita hannun sarki, ta koma hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma ko wanda aka cuta ya ce ya yafe, yafewarsa tana iya sassauta hukunci, amma ba lalle ne ta tsayar da tuhuma ba, domin a idon doka jama'a duka aka yi wa laifin.

Dokokin da ake bi a nan guda biyu ne, dukansu na 1961: kundin laifuffuka da hukuncinsu, da kundin da ya tsara yadda ake bin shari'ar laifi, an kuma yi musu gyare-gyare da dama, mafi girma a 2003. Bisa ga kundi na biyu, jandarma ko ɗan sanda mai bincike yana da ikon tsare wanda ake zargi har awa 48, in bincike bai kammala ba ya nemi iznin mai gabatar da ƙara a ƙara wasu 48 ɗin, daga nan kuma wajibi ne ko a sake shi ko a kai shi kotu, ban da laifuffuka irin na ta'addanci, waɗanda ke da nasu wa'adi mai tsawo. Dokar ta kuma ce a haɗa shi da takardar likita mai shaida cewa ba a azabtar da shi ba. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan takarda, alhali ita ce abu na farko da mai kariya zai nema idan wanda ake tuhuma ya ce da duka aka karɓi iƙirarinsa.

To, a cikin waɗannan awoyi ne ake rubuta takardar da ta fi kowace nauyi. Ka ƙaddara dattijo ne, ko saurayi ɗan shekara ashirin, zaune a kan benci, ya kwana bai runtsa ba, ga jami'i a bayan tebur yana tambayarsa da Hausa yana rubutawa da Faransanci. Aka ce masa, "Kai ka buge shi?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, na buge shi, amma sai da ya zaro mini wuƙa." Idan aka yi rashin sa'a, saboda gaggawa ko gajiya ko ƙarancin fahimta, rabin farko na jawabin ne kaɗai zai shiga takarda. A ƙarshe a miƙo masa tawada, ya dangwala babban yatsa a ƙasan shafin da bai iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsa ba, yana ɗokin a sallame shi ya koma gida. Ko da yake doka ba ta ɗaure alƙali da abin da ke cikin wannan takarda ba, ita ce zai fara karantawa, da ita kuma za a riƙa auna duk maganar da mutumin zai yi daga baya, har in ya kawo zancen wuƙa a gaban kotu a ce yanzu ya ƙago shi. Gaskiya ne cewa kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, amma dokokin laifi da Faransanci aka rubuta su, da shi kuma masu shari'a suka yi karatunsu. Saboda haka haƙƙin mutum ne, ba rashin ladabi ba ne, ya ce a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa daki-daki, in ya ji abin da bai faɗa ba ya ce a gyara kafin ya sa hannu.

Gyaran 2003 ya ba wanda aka tsare damar ganin lauya bayan awa 24. Daga baya ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, wadda Nijar ke ciki, ta zartar da ƙa'ida a 2014 cewa lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga sa'ar da aka kama shi, a ofishin 'yan sanda ne ko na jandarmomi ko gaban mai gabatar da ƙara.

A nan ne wasu masu tsoron Allah suke ja da baya, suna cewa aikin lauya mai da ƙarya gaskiya ne, kuma mumini ba ya hayar bakin wani don ya kuɓuta daga abin da hannunsa ya aikata. Wannan shubuha ta cancanci amsa, don ba daga jahilci kaɗai ta fito ba: a Suratun Nisa'i an hana mutum zama mai husuma domin maha'inta. Sai dai malaman fiƙihu, waɗanda suka fi mu sanin ayar, ba su fahimci cewa ta rufe ƙofar wakilci a gaban alƙali ba. Littattafan Malikiyya da almajiran ƙasar Hausa suke karantawa, kamar Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, kowanne yana da babin wakala, an kuma ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a husuma. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wani ya kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, har a yanke masa abin da ba nasa ba. Wanda kuwa ya yi tunani a kan wannan zai ga cewa mutumin da harshensa ke sarƙewa a gaban hukuma shi ya fi kowa bukatar wanda zai daidaita ma'auni. Haka nan ƙa'idar da ta ɗora wa mai da'awa nauyin kawo bayyina, da wadda ta ce a kau da haddi in akwai shubuha, da i'izarin da alƙalin Malikiyya yake yi kafin ya yanke hukunci, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, duk manufarsu ɗaya ce da abin da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 ta tabbatar a sashe na 7, cewa ba a ɗaukar mutum mai laifi sai kotu ta tabbatar, kuma yana da haƙƙin ya zaɓi mai kare shi. Lauyan da ya koya wa shaidu ƙarya, lalle ya shiga cikin abin da ayar ta hana, shi da wanda ya biya shi. Wanda kuwa ya tsaya a kan sai an kawo hujja, ko ya bayyana wa kotu uzurin mai laifi don kada hukunci ya wuce gwargwadon laifin, taimakon alƙali yake yi a kan adalci.

Kundin laifuffuka na 1961 ya kasa laifi kashi uku. Akwai ƙanana, waɗanda hukuncinsu tara ce ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Akwai matsakaita, masu ɗaurin da ya haura kwana 30 amma bai kai shekara 10 ba, a nan ne galibin sata da rauni da zamba suke, kuma irinsu ne kotun gunduma, kamar ta Mayahi ko ta Tasawa, take yanke wa hukunci. Sa'an nan akwai manya, irin su kisan kai, masu ɗaurin shekara 10 zuwa 30, ko rai da rai, ko hukuncin kisa, ko da yake rabon da a zartar da kisa a Nijar tun 1976. Waɗannan sai babbar kotu a Maraɗi. Mutumin karkara ya kula da abu guda: satar dabba tana da nata sashe a cikin kundin, hukuncinta kuma mai tsanani ne, haka nan wanda ya karɓi abin sata yana sane. A da, a kotun gunduma, alƙali guda ne yake tuhuma, shi yake bincike, shi kuma yake yanke hukunci, abin da masana suka daɗe suna suka, har dokar tsarin kotuna ta 2018 ta tanadi wakilin mai gabatar da ƙara a waɗannan kotuna.

Idan magana ta yi nauyi, sai a miƙa ta ga alƙali mai bincike. A zaman farko wajibi ne ya gaya wa mutum abin da ake tuhumarsa da shi, ya sanar da shi cewa yana da damar ya yi shiru a wannan zama, yana kuma da damar ya ɗauki lauya. Shi ne kuma yake da ikon aika mutum gidan kaso ya jira shari'a, kuma wannan jira shi ne ramin da talakawa suka fi daɗewa a ciki, domin mai jiran shari'a ba ya ƙirga kwanakin fita kamar wanda aka yanke wa hukunci, sai dai ya zuba ido damina ta wuce, wata ta zo, gonarsa tana hannun wasu. Alhali doka ta yi wa jiran iyaka: a matsakaicin laifi wata 6 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, a babban laifi wata 18, ana iya ƙara 12. A kowane lokaci kuma ana iya rubuta wa alƙali takardar neman sakin talala, a nuna masa cewa mutumin yana da gida da iyali da gona a wuri sananne, ba zai gudu ba, ba zai razana shaidu ba. Aikin mai kariya na yau da kullum ke nan: ya karanta abin da ke cikin fayil, ya ƙirga watanni, ya rubuta takarda a kan kari, ya nemi a kira shaidun da ba a kira ba. In yaro ne, ya kawo takardar haihuwarsa, don wanda bai kai shekara 18 ba alƙalin yara ne yake duba maganarsa, wanda kuwa bai kai 13 ba ba a yi masa hukuncin laifi; da yawa daga yaran karkara ba su da wannan takarda, sai an nemi kotu ta ba da madadinta.

Sai mas'ala mai wuya: ina lauyan yake? Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, tsakaninta da Maraɗi kuwa tafiyar fiye da kilomita 600 ce, wanda ya kira lauya daga can, bayan ujurarsa, sai ya ɗauki nauyin motarsa da masaukinsa duk ranar da za a zauna. Don rage wannan giɓi ne aka kafa hukumar ANAJJ da dokar 14 ga Disamba 2011, aikinta ta wayar wa mutane kai a kan doka kyauta, ta kuma sama wa marasa hali mai kare su, tana da ofishi a manyan kotuna, har da ta Maraɗi. Wasu ba a ma tambayarsu shaidar talauci, kamar yara ƙanana da naƙasassu da wanda ake tuhuma da babban laifi, domin ba a yi wa mutum shari'ar babban laifi ba tare da mai kariya ba. Inda babu lauya, akan naɗa wani mai ilimi daga cikin jama'a, sau da yawa malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci, wanda aka ba horo, ya tsaya wa mutum. Ba zan ce ya kai lauyan da ya ƙware ba, kuma wanda aka ba fayil ana gobe shari'a ba abin da zai iya sai roƙon sassauci. Amma idan dangi suka neme shi da wuri, suka kai masa sunayen shaidu da takardun gona ko na cinikin dabba, ya kan yi amfani mai yawa. Ƙungiyoyi irin su ANDDH, mai kare haƙƙin ɗan Adam, da ƙungiyar mata masana doka ta Nijar, su ma sun daɗe suna ba da shawara ga wanda ya je musu.

Wanda Allah ya hore wa abin ɗaukar lauya, ya tabbata cewa sunan mutumin yana cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, abin da magatakardar kotu zai iya gaya masa. A yi maganar kuɗi a fili tun farko, a rubuta, a san ko ya haɗa da tafiye-tafiye da ɗaukaka ƙara, a karɓi rasit na kowace jika da aka biya. A kuma gaya masa gaskiya tsantsarta, har da abin kunya, gama doka ta wajabta masa riƙe sirri, kuma lauyan da ya fara jin mugun labari daga bakin abokin gaba a tsakiyar kotu an riga an karya masa gwiwa. Duk wanda kuwa ya yi maka rantsuwa cewa lalle za a saki ɗanka ranar kaza, ka yi hattara da shi, don hukunci ba a hannunsa yake ba.

Wannan ya kawo mu ga wasu mutane da ba a rasa su a inuwar itatuwan da ke bakin kotuna. Ba su da ofishi, ba su da takarda, amma sun san sunan kowa a ciki. Irinsu ne ke tarar tsoho ya sauko daga kabu-kabu da ƙullin kuɗin akuyarsa a aljihu, su ja shi gefe, su ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ni da mai shari'ar nan kamar wa da ƙane muke, kawo abin goro in shiga in gan shi." In an saki yaron, ko da dama sakinsa za a yi, su ce aikinsu ne, in an ɗaure shi, su ce abin da aka bayar ne bai kai ba. Ta wannan hanya ake rasa rumbun gero, a jinginar da gona, a kuma ɗauki zunubin rashawa, wadda aka la'anci mai bayarwa da mai karɓa, ga shi kuma a dokar ƙasa ita kanta laifi ce da ake ɗaure mai bayarwa a kanta. Rabin wannan dukiya, da an kashe shi a kan mota zuwa Maraɗi da kawo shaidu ranar zama, da ya fi amfani.

Wanda yake shakkar cewa mai kariya yana iya juya al'amarin talaka, ya dubi labarin Hadijatu Mani, 'yar ƙasar Ƙonni a jihar Tawa. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta yi shekara tara a hannun wanda ya saye ta. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ita matarsa ce, ba za ta tafi ba. Da ta auri wanda take so, sai ya kai ta ƙara a kan ta yi aure a kan aure, kotun Ƙonni kuma a watan Mayu na 2007 ta yanke mata ɗaurin wata 6 da tarar jika 50. Mace ce ta karkara, ba ta yi boko ba, ba ta da dukiya, kuma da ita kaɗai ce da ta gama wa'adinta ba wanda ya ji labari. Amma ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, lauya Abdurahaman Shaibu ya karɓi maganarta, aka ɗaukaka ƙara, aka yi mata sakin talala bayan wata biyu a kaso, sa'an nan aka kai gwamnatin Nijar kanta gaban kotun ƙungiyar ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Nijar ta fita daga wannan ƙungiya a farkon 2025, amma matakin da ya fara buɗe mata ƙofar kaso, wato ɗaukaka ƙara a kan lokaci, yana nan ga kowa.

Wa'adinsa kuwa gajere ne: kwana 10 daga ranar da aka yanke hukunci a gaban mutum, ana kuma yinsa ne a wurin magatakardar kotun da ta yi hukuncin, wanda ke tsare kuma yana iya sanar da shugaban gidan kaso. Mutane da yawa suna shafe waɗannan kwanaki suna jaje da shawarar dangi, suna cewa shari'a saɓanin hankali ce, sai sun farga su tarar ƙofa ta rufe.

Saboda haka ina kira ga masu gari da limamai da malaman makaranta na Issawane da ƙauyukanta, waɗanda su ne ake fara bugun ƙofarsu idan abu ya faru: ranar da aka tafi da wani, ku rubuta rana da sa'ar da aka kama shi, ku rubuta sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu, ku aika masa da saƙon kada ya dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara masa ba, ku kuma tura mutum guda mai hankali ya nemi lauya ko ofishin ANAJJ a Maraɗi tun kafin a kai dabba ko ɗaya kasuwa.